Gilashin Da Na Bari Ya Bushe

Assalamu alaikum Edita, da dukkan masu karatu. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan ambaci sunan kowa ba, domin yawancin waɗanda abin ya shafa sun rasu, Allah ya jiƙansu. A lokacin da wannan abu ya faru ni saurayi ne ɗan shekara goma sha tara a garin Haɗejiya, zamanin da Turawa ke riƙe da ƙasa. Mahaifina tela ne a bakin kasuwa, mahaifiyata kuma tana sayar da man shanun da danginta ke kawo mata daga ruga. Na yi elementare a gida, aka tura ni midil a Kano, na dawo da takardar shaidar da babu mai irinta a duk unguwarmu. Ina jin Turanci, rubutuna yana da kyau, lissafi bai taɓa ba ni wahala ba. Dattawan da suka halarci sunana suka koma kirana Malam, suna kawo mini wasiƙa in karanta musu. Ban san ranar da girman kai ya shige ni ba, amma na san na riga na ƙudurta a raina cewa duk wanda bai zauna a bencin makaranta ba, ba shi da abin da zai koya mini.

A shekarun nan ciwon barci ya addabi ƙauyukan bakin kogi. Matasan yanzu ba su san shi ba, don haka bari in ɗan yi bayani. Tsando ne ke kawo shi, ƙudan nan mai cizo da ke zama a duhuwar bakin ruwa, wanda Fulani ke gudu da shanunsu saboda shi. In ya sa wa mutum cutar, sai zazzaɓi ya riƙa zuwa yana tafiya, kaluluwa ta fito a bayan wuya, a ɗauka masassara ce irin ta kullum. Watanni na wucewa sai mutum ya fara rama, ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, wani har da loma a hannunsa, daga nan hankali ya gushe. In an gane shi da wuri, allura tana warkar da shi sarai. In kuwa ya riga ya hau kai, maganin da ake da shi a lokacin mai ƙarfi ne ƙwarai, kuma ba kowa ke fita daga cikinsa lafiya ba.

Wata rana aka yi shela cewa wani likita Bature ya zo da ayarin bincike, yana neman samarin da zai koya wa aikin madubin likita, wato na'urar da ake leƙawa a ga ƙwayar cutar da ido ba ya gani. Ba magani kaɗai ya zo yi ba. An riga an sa mutanen wasu ƙauyuka sun sare duhuwar da ke mashayarsu da wuraren da suke tsallaka kogi, wasu ƙauyukan kuma ba a kai ga nasu ba tukuna, shi kuwa yana so ya gano ko saran yana rage ciwon da gaske, ko wahalar da mutane kawai ake yi. Hanyar ganowa ɗaya ce: a bi ƙauye-ƙauye a duba mutane, a rubuta abin da aka samu a rajista, bayan shekara a koma a sake dubawa. Abin da ya ce yana nema shi ne takardar midil, da Turanci, da rubutu mai kyau, da lissafi, da lafiyar ido. Ya sa muka yi karatu a gabansa, ya ba mu lissafi, ya tsayar da mu nesa muka karanta ƙananan baƙaƙe a allo. A ƙarshe ya tambaye ni, in na duba abu ban tabbata da abin da na gani ba, me zan yi? Na ce zan faɗa cewa ban tabbata ba, in kira wani ya duba. Ya gyaɗa kai ya ce wannan amsar ta fi takardar da na kawo. Allah ya sani, na faɗa ne kawai don na gane ita yake son ji.

Mu uku aka ɗauka. A cikin ayarin akwai wani dattijo Babarbare, mutumin Birniwa, wanda kowa ke kira Baba. Da ɗaukar kaya ya fara a irin wannan aiki shekaru da dama kafin nan, ya koyi komai da kallo da tambaya. Shi ke laluba wuyan mutane, shi ke soka allura ya ɗebo ruwan kaluluwa ya ɗiga a ɗan siririn gilashin da ake sawa a madubi, kuma hannunsa yana da sauƙi har tsofaffin mata kan ce shi suke so ya taɓa su. Ya iya madubin fiye da mu duka, Likita ma ya san haka, amma da ajami yake rubutu, ba shi da takarda, don haka tsarin aiki bai ba shi damar rubuta sakamako ba. A baki Baba nake ce masa kamar kowa. A zuciyata kuwa lebura ne wanda ya daɗe.

Wata uku muka yi ana koya mana a Haɗejiya. Gilasan da ake ba mu cike suke da ƙwayar cutar, kana sa ido ka gan su suna wutsil-wutsil. Aka yi jarrabawa na zo na ɗaya. Ranar da aka faɗi sakamako Baba ya same ni ina ta fara'a, ya yi mini barka, sannan ya ce in sani fa a ƙauye ba haka abin yake ba. Ya ce a can sai ka sami gilashin da ƙwaya ɗaya tak ke ciki, ta maƙale a gefe, kuma ba ita kake fara gani ba, motsin abin da ke kusa da ita kake gani, kamar yadda masunci ke ganin ciyawa ta kaɗa kafin ya ga kifin. Shi ya sa doka ta ce kowane gilashi sai an yi minti goma ana binsa layi-layi kafin a rubuta babu, har aka ba kowannenmu ɗan agogon yashi. Kuma sai an duba shi da ɗanyensa, don in ya bushe ƙwayar ta mutu, motsi ya tsaya, shi ke nan. Na ce masa na gode, duk mun karanta wannan a littafi.

Da ruwa ya janye daga fadama muka fita. Wani wurin a kan doki, kaya a kan jakuna, wani wurin a kwalekwale. In mun isa ƙauye sai bulama, wato mai garin, ya tara jama'a gida-gida, a kafa mana tebur a inuwar tsamiya ko ƙarƙashin rumfa. Baba ya laluba wuya, duk wanda ya ji kaluluwa a jikinsa ya ɗebi ruwanta ya miƙo mana. Aiki ne mai cin rai. Baya ya ƙage, ido ya yi ta hawaye, ƙudaje su dame ka, ga mutane a tsaye suna kallon bakinka. Kuma yawancin gilasan babu komai a cikinsu, domin ba ciwon barci kaɗai ke kumbura kaluluwa ba. Bayan 'yan makonni sai na fara ganin minti goman nan ɓata lokaci ne ga mai ido irin nawa. Na koma ina yin shida, na koma huɗu. Agogon na ajiye shi a bayan akwatin madubi inda ba mai lura. Nakan gama nawa abokan aikina suna tsakiya, har in karɓi nasu. Likita ya taɓa tambayata ko ina cika lokacin, na ce ina cikawa.

Akwai wani abu kuma da na lura da shi. Duk lokacin da muke ƙauyen da aka sare duhuwarsa, in na kai wa Likita rajista ya ga babu, babu, babu sun jeru, sai fuskarsa ta saki, ya cika lofensa da taba yana 'yar waƙa a ƙasa-ƙasa. Bai taɓa cewa in rubuta abin da ban gani ba, ba zan ɗora masa wannan ba. Amma ni yaro ne mai son yabo, na san abin da ke faranta masa, sai idona ya koyi rashin dagewa a irin waɗannan ƙauyuka.

Haka muka isa wani ƙauyen masunta a yankin Kiri Kasamma, wanda mutanensa suka sha wahalar sara har suka bar bakin kogin fayau. Kwana biyu aka tsara mana a can. Ranar farko ba mu sami kowa da cutar ba. Washegari da safe saƙo ya zo wa Likita cewa ana nemansa a Haɗejiya, ya bar mu mu ƙarasa. Yana shirin hawa doki na ce masa ya tafi da kwanciyar hankali, wannan ƙauyen tas yake. Ya dafa kafaɗata ya ce in haka ta tabbata, to ƙauyen nan shi ne hujjarsa mafi ƙarfi. Ba wanda ya tambaye ni, ni na kai bakina.

Bayan azahar, mun kusa naɗe kaya, sai ga wasu 'yan'uwa biyu sun dawo daga su, kowanne da gorarsa a kafaɗa, wandunansu a jiƙe. Babban ƙato ne mai yawan raha, zai yi shekara talatin da biyar. Ƙanen kuwa tsarana ne, bai daɗe da aure ba, shiru-shiru. Baba ya laluba wuyansu, na ga ya daɗe fiye da yadda ya saba. Ya tambaye su ko suna zazzaɓi, babban ya yi dariya ya ce wane masunci ne ba ya zazzaɓi. Baba ya ɗebi ruwan, ya kawo mini gilasan da kansa, ya sunkuyo ya ce a hankali, ɗana, waɗannan biyun ka ba su lokacinsu.

Maganar ta ɓata mini rai, don na ji kamar ya san abin da nake yi da agogon. Na ɗauki na ƙanen, na zagaya shi sama-sama, ban fi minti biyu ba na rubuta babu. Na sa na wan. Ina cikin bi, can a gefen gilashin, sai na ga wani abu ya kaɗa. Sau ɗaya. Na murɗa madubin in daidaita, hannuna ya zarce, wurin ya ɓace mini. Na neme shi ban same shi ba. Masu karatu, yau shekaru masu yawa ke nan, amma zan iya faɗa muku duk abin da ya zo mini a rai a wannan ɗan lokacin. Na tuna abin da na gaya wa Likita da safe. Na tuna ni ne na zo na ɗaya, ga abokan aikina biyu a gefe. Na ga in na kira Baba ya samo abin da ni na kasa samu, to na gama zubar da girmana a gaban mutanen ƙauye. Abin da bai zo mini a rai ba shi ne mutumin da ke tsugune a gabana yana jira.

Baba ya ga hannuna ya tsaya. Ya matso ya ce ko zan bari ya ɗan sa ido. Na ɗago na ce masa da ƙarfi, yadda kowa zai ji, cewa kowa ya tsaya a kan aikinsa, shi allura aka ba shi, ni aka ba madubi. Dattijon nan sa'an mahaifina ya dube ni, ya koma baya. Na mayar da ido kan madubin ina yi kamar ina dubawa, alhali jira nake, har gilashin ya bushe. Na rubuta babu. Baba ya sake cewa ko a ƙara ɗebo wani, na ce rana ta yi, mutane sun gaji, a naɗe kaya. Na cike wa kowannensu katin sakamakonsa na miƙa musu.

Babban ya karɓi katin da hannu biyu. Ya ce wallahi Malam ka sauke mini kaya, tun da wani maƙwabcinsa ya mutu da ciwon nan bara yake cikin fargaba, ya ƙi faɗa wa kowa ne kawai. Kafin mu tashi ya aiko matarsa da bandar tarwaɗa cikin faifai, wai tukuicina. Na karɓa, na ci.

Damina ta faɗi, kogi ya cika ya malale fadama, ƙauyukan suka zama tsibirai. Muka zauna a Haɗejiya ina kwafe rajista da kyakkyawan rubutuna, Likita yana harhaɗa sakamakon zagayen farko, yana nuna ni ga baƙi yana cewa ga malaminsa mafi sauri. Baba bai canza mini fuska ba, yana gaishe ni ina amsawa, amma ban yarda mu zauna mu biyu ba. Wani lokaci ina cikin salla sai motsin nan ya faɗo mini. Nakan gaya wa kaina hawaye ne ya gilma a idona, ko iska ce ta girgiza tebur. Na faɗa wa kaina haka har na kusa yarda.

Shekara ta zagayo muka koma zagaye na biyu. Da muka isa ƙauyen masuntan, bulama ya tarbe mu da mutunci kamar da. Muna cikin kafa tebur sai na ga mutum huɗu sun ɗauko wani a kan gadon kara, wata mata tana biye. Ban gane shi ba sai da na gane matar. Ƙaton nan ya koma ƙashi da fata, ana yi masa magana ya buɗe ido ya sake lumshewa. Na tambayi ƙanensa, aka ce ya rasu tun ƙarshen damina. Matar ta durƙusa ta yi mana bayani, ba da faɗa ba, ba ta ma san akwai wanda za ta yi wa faɗa ba. Ta ce da zazzaɓin ya tsananta ta yi ta roƙonsu su shiga kwalekwale su tafi Haɗejiya, don Baba ya ja su gefe ranar nan ya ce in jiki ya ƙi su zo. Amma duk lokacin da ta yi maganar sai mijin ya ciro katin daga cikin layar da ya ɗinke shi, ya ce Malam mai madubi ya leƙa har cikin jininsa ya ce babu, ita ta fi Malam sani ne? Sai suka koma neman maganin iska, aka yi ta rubutu da turare da saƙe-saƙi. Baba ya ɗebi ruwan kaluluwar ya ajiye gilashin a gabana. Ban yi minti ɗaya ba na gani.

A wannan zuwan mun sami wasu mutanen da cutar a ƙauyen, kuma da yawansu ni na duba su bara. Likita ya rasa gane kan abin. A lissafinsa, ƙauyen da ba shi da mai ciwo ko ɗaya bara, an kuma sare duhuwarsa, yau ga masu ciwo, to sababbin kamu ne, wato saran bai hana komai ba. Na ji yana gaya wa abokan aikina cewa gaskiya gaskiya ce ko da ba ta yi masa daɗi ba, haka zai rubuta wa manyansa, kuma ya san in sun karanta za su dakatar da saran a sauran ƙauyuka.

Da la'asar na je bakin kogi yin alwala, Baba ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya gama alwalarsa tsaf sannan ya yi magana, bai ko dube ni ba. Ya ce, “Malam, in takardar nan ta tafi, za a bar mutanen sauran ƙauyuka da tsandonsu. Ni ban ga abin da ke cikin gilashin nan ba, ba a bar ni na gani ba. Kai ka gani.” Ya ƙara da cewa shi ma yana da nasa laifin, don ya yi niyyar gaya wa Likita tun bara, sai ya ji tsoron kada a ce hassada ce irin ta wanda ba shi da takarda, ya yi shiru, kuma shirun nan yana damunsa. Ya tashi ya ta da salla. Na bi shi a baya.

Muna sallamewa na tafi rumfar Likita na faɗa masa komai, tun daga agogon da nake ɓoyewa har zuwa motsin da na gani da abin da na gaya wa Baba a gaban jama'a. Na zaci zai yi ihu. Bai yi ba. Ya ajiye alƙalami ya daɗe yana kallon kogi, sannan ya tambaye ni gilashi nawa na yi wa haka. Na ce ban sani ba. Ya ce a wane ƙauye na fara, na ce ba zan iya tunawa ba. Sai a lokacin na ga ransa ya ɓaci sosai. Ya ce da na san waɗanda na ha'inta, da sai a cire su a yi aiki da sauran, amma yanzu duk abin da hannuna ya rubuta a shekarar nan ba shi da amfani, mai kyau da marar kyau, tunda ba mai iya rabe su. Ya ce da na rubuta akwai bisa kuskure, da an sake dubawa an gyara. Da na rubuta ban tabbata ba, da wannan ma ilimi ne. Amma babu ta ƙarya ƙofa take rufewa, ba mai komawa ya ƙwanƙwasa. Daga baya ya ce shi ma ya yi wauta da ya bar mu muka gane amsar da yake so.

Aikin shekara guda ya tashi a banza. Aka sake bin duk ƙauyukan da na duba, mutane suna tambaya me ya faru, kuma a wasu wuraren an iske waɗanda lokaci ya riga ya ƙure musu. Likita ya kafa sabuwar doka cewa duk mai kaluluwar da aka ce babu, sai ido na biyu ya tabbatar, kuma ya rubuta wa manyansa har aka yarda idon Baba ya shiga lissafi, wani ya riƙa rubuta masa. Ni kuwa ya yanke shawarar sallamata. Baba ne ya je ya roƙe shi ya ce a ba shi ni. Ya ce yaron da ya taka da ƙafarsa ya zo ya faɗi wannan, bai gama lalacewa ba. Aka karɓe madubin daga hannuna. Shekara guda cur ina wanke gilasai, ina dafa allurai, ina riƙe wa Baba kan marasa lafiya. Labari ya kai unguwarmu cewa Malam ya koma wanke-wanke. Mahaifina ya tambaye ni dalili na faɗa masa, ya ci gaba da taka kekensa, can ya ce in an kore ni ma ba a zalunce ni ba. A wannan shekarar Baba ya koya mini madubi daga farko, kamar ban taɓa ganinsa ba. Bai taɓa tuna mini abin da na faɗa masa ba, ko sau ɗaya.

Masuncin kuwa an kai shi Haɗejiya aka yi masa allurai na makonni. Likita ya riga ya gaya wa matar cewa maganin yakan taɓa ido. Ya rayu, hankalinsa ya dawo, amma ganinsa ya yi ta dushewa har ya tafi gaba ɗaya.

Sai da na yi shekara biyu kafin na iya zuwa wurinsa. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran taru, ragar kamun kifi, da lalube, don abin da yake ci da shi ke nan a lokacin, masunta su kawo ya ɗinke musu. Ina yin sallama ya gane muryata, ya yi fara'a ya ce a kawo wa Malam tabarma. Ashe ba wanda ya gaya masa. Na zauna na faɗa masa duka, hannunsa bai daina aiki ba har na gama. Sannan ya yi mini tambaya ɗaya: ƙanensa fa, shi ma na ga motsin? Na ce a'a, nasa ban tsaya na duba yadda zan gani ba. Ya ce, “To wannan ya fi mini ciwo. Ni ka gan ni ka kau da kai. Shi ko dubansa ba ka yi ba.” Ya ce batun idonsa ya yafe mini duniya da lahira, haka Allah ya rubuta masa, kuma ba ya son ya tashi da kayan wani a wuyansa. Amma haƙƙin ƙanensa ba nasa ba ne balle ya yafe, wannan sai mun haɗu can. Ya kira matarsa ya ce ta dama wa baƙo fura. Na sha ina kuka, shi kuma ya koma kan tarunsa.

Na ci gaba da aikin madubi fiye da shekara talatin, har bayan Turawa sun tafi, na koyar da samari da yawa, amma ban taɓa gaya wa ɗayansu wannan labari ba. Abin da ya sa na rubuto shi yanzu, jikata ce ta gama jami'a tana neman aikin binciken cututtuka, ta zo ta karanta mini abin da masu ɗaukar aikin ke nema: digiri na biyu ko na uku, sanin na'urori iri-iri, iya kwamfuta, da yawan abin da mutum ya rubuta aka buga. Na ce mata duk wannan daidai ne, ta nema da ƙarfinta, aikin nan ba a yinsa da jahilci. Amma na zaunar da ita na gaya mata abin da na gaya muku, don ta san cewa ni na cika kowane sharaɗi da aka gindaya a zamanina, kuma na yi sanadin ran mutum.

Ina kira ga 'ya'yanmu masu neman irin wannan aiki: takarda za ta shigar da kai ɗakin, amma ba ita za ta zauna a kan kujerar ba. Ku koyi furta ban tabbata ba a gaban wanda kuke jin kunya. Kada ku karanci fuskar maigida ku kawo masa amsar da yake so. In kun iske wani tsoho a wurin aiki wanda ba shi da digiri amma ya daɗe hannunsa na ciki, ku ba shi wuri ya sa ido. Masu ɗaukar aiki kuma, bayan kun gama duba takardu, ku zauna ku kalli yadda mutum yake yi in ya zaci ba mai ganinsa. Ni na yi tuba, ina kuma roƙon wanda ya karanta ya sa ni a addu'a, ya sa ƙanen masuncin nan da ban ba shi minti goma ba. Duk kalmar da kuka rubuta a gaban sunan mutum, ku sani zai koma gida ya gaya wa matarsa, kuma zai yarda da ku.